Gangar Arzika Ta Yi Kira a Rimawa

Ana sallame sallar asuba muka fara loda kaya a bayan motar abokina, a ƙofar ɗan situdiyona da ke cikin Sakkwato. Mu uku ne a tafiyar: ni, da abokin nawa da ke tuƙi, da wata malamar firamare wadda ita ce sanadin fitar tamu. Masu bibiyata kun saba ganin ina kawo muku labarin zuwa biki ko ɗaukar waƙa. Wannan tafiya daban ce, kuma sai da na yi ta juya ta a raina kafin na yarda in rubuta.

Ga yadda abin ya faro. Mahaifin malamar, Baba Nomau, makaɗin noma ne a Rimawa ta ƙasar Goronyo. Tun suna samari shi da wansa Arzika suke yi wa manoma kiɗa a wurin gayya. Arzika ke riƙe da babbar ganga, shi kuma Nomau yana amsa masa da kazagi, wato ƙaramar gangar da ke bin bayan babbar. Arzika ya rasu bara waccan, gangarsa kuma ta riga shi tafiya, don ambaliya ta ci ɗakin da take ciki. Ba a daɗe ba Baba Nomau ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Ya rage magana, ya rage cin abinci, kullum yana zaune yana kallon bango. Rannan ya ce wa ɗiyarsa abin da ya fi ciwon damunsa shi ne ya nemi amon gangar ɗan'uwansa a cikin kansa ya rasa. Ita kuma ta taɓa ganin wani bidiyo nawa ina buga faifan roba ganguna suna fita, shi ne ta zo ta tambaye ni ko zan iya saka gangar kawunta a ciki, ko tsohon zai ɗan farfaɗo.

Ga wanda bai san kayan ba, abu biyu ne. Akwai faifan kiɗa na lantarki, mai gidaje takwas na baƙar roba. Shi kaɗai kurma ne, ko ka wuni kana dukansa ba abin da za ka ji, saƙo kawai yake aikawa cewa an bugi gida kaza da ƙarfi kaza. Sai kuma samfula, wani ɗan akwati da ke adana sauti, ya sake shi idan saƙo ya iso. Abin da ke haɗa su waya ce da muke kira midi, mai zagayayyen kai da haƙora biyar. Su muka ɗauka, da sifika, da batir, da wani tsohon rediyo mai kaset da na aro wurin maƙwabcina.

Rabah muka fara nufa, don kaset ɗaya tilo da ke ɗauke da kiɗan Arzika yana hannun matarsa, wadda ta koma cikin danginta a Tursa. Lokacin bazara ne, tun da hantsi kujerar mota ta fara ƙuna. Hanyar wani wuri kwalta, wani wuri sunan kwalta. Man fetur na 'yan bumburutu kuwa, duk taƙin da ka ƙara daga birni sai ya ƙara tsada, har abokina ya ce da alama galan ɗin ma kuɗin mota yake biya. A wani shinge jami'i ya leƙo ya ga akwati da wayoyi, ya haɗe rai ya tambaya ko injin neman zinari ne. Sai da na kunna samfula na danna masa kalangu ya fito, sannan ya yi dariya ya ɗaga mana hannu, ya kuma ja mana kunne kada la'asar ta same mu a hanya. Wannan gargaɗi mun ji shi a bakin mutane da dama a tafiyar nan, kowa cikin ƙaramar murya.

Tursa mun same ta shiru. Gonaki a share suna jiran ruwa, awaki sun lafe a gindin katanga. Inna Kulu, matar marigayi Arzika, doguwar tsohuwa ce mai kaifin ido. Ta karɓe mu da fura mai sanyi da hoce, ta tambayi jikin Baba Nomau, sannan ta shiga ɗaki ta fito da kaset naɗe cikin tsumma. Wani ɗan ƙauyensu ne ya ɗauka da rediyonsa a wata gayya, shekaru masu yawa da suka wuce. Na jawo rediyon aro zan gwada, sai ta ɗora hannunta a kan nawa.

"Ɗana, ku tahi da shi," in ji ta, "amma kada ku kunna shi cikin gidanga. Na yi takaba na gama, ba ni son in sake wata."

Na mayar da rediyon cikin jaka, muka yi mata sallama.

Da azahar muka shiga Wurno, inda za mu kwana a gidan wani ɗan'uwan abokina. Tun kafin ka ga garin hancinka zai gaya maka ka iso, warin albasa da tafarnuwa ya cika ko'ina. Ga su nan tsibi-tsibi a bakin hanya, araha har tana ba ka tausayin manomi. Abokina ya sayi buhu guda, wanda ya raka mu sauran tafiyar yana yi mana turare. Aka kawo mana tuwon shinkafar gida da miyar kuka, muka ci muka yi nak. Malamar ta wuce cikin gida wurin mata, ni kuma na baje kayana a zaure na kama aiki.

Na haɗa rediyon da samfula na danna kaset. Da farko shuuu kawai ake ji. Can sai ganga ta fito ita kaɗai daga ɗan nesa, ta yi wani gajeren kiɗa mai kamar magana, kurciya na kuka a bayanta. Daga nan aka yanke, sai ga hayaniyar gayya: ƙarar hauya, kuwwar maza, wani yana kirari, ga babbar ganga tana gurnani, kazagi na bin ta kamar ɗan da ke bin uwarsa kasuwa. Batirin rediyon ya fara sanyi a tsakiya, muryoyin suka ja suka yi kauri, dariyar wani mutum ta koma kamar nishi. Abokina da ke kishingiɗe ya tashi zaune.

"Kai," ya ce, "duk mutanen da ke cikin kaset ɗin nan, nawa ne suka rage da rai?"

Na canza batir na ci gaba.

Aikin shi ne in tsinto bugun Arzika ɗaya-ɗaya daga cikin hayaniyar, in yanke kowane in ajiye shi daban. Na sami bugun tsakiya mai kauri, da na gefe mai kaifi, da wanda ake danne fata da tafin hannu, da wasu 'yan bambance-bambance, har guda bakwai. Gida ɗaya ya rage. Sai na tuna da ɗan kiɗan nan na farkon kaset, wanda ya fi kowane fita tas. Ya yi mini daɗi, na ga ba sai na daddatsa shi ba, na ɗora shi sukutum a gida na takwas, na can kusurwar sama.

Wurin haɗawa kuma sai da na yi gumi. Na soka wayar midi a kafar fita ta faifan, ɗaya kan a kafar shiga ta samfula, na buga, shiru. Ashe faifan yana aika saƙo a tasha ta goma, samfula kuwa ta kasa kunne a ta ɗaya. Na daidaita su, sauti ya zo, amma a hargitse: in bugi gidan farko, na huɗu ya amsa. Kowane gida yana da lambar da yake aikawa, dole sai lambar ta dace da ta sautin da kake so. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har komai ya zauna. Kafin magariba gangar Arzika tana ƙarƙashin hannuna. Na saurara a kunne da abin ji, ban saka a sifika ba, don ban so mutanen gidan su taru.

Washegari da sassafe muka kama hanyar Goronyo. Nan ido ya ɗan huta, saboda albarkar madatsar ruwa: kore shar a tsakiyar bazara, shinkafa da masara da albasa, injinan ban ruwa suna ta tari a bakin fadama. Mun tsaya mun sayi soyayyen kifi mai zafi da yaji, na kai wa tsoho ko zai taɓa. Daga babban titi muka gangara zuwa Rimawa, muka isa rana ta ɗaga.

Baba Nomau yana zaune a kan tabarma ƙarƙashin wata rumfar kara a tsakar gida, an jingina shi da bango. Ɗan ƙaramin tsoho ne, hannun hagu a kwance kan cinya kamar ba nasa ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da ka. Kifin ko kallonsa bai yi ba. Ya bi ni da ido ina jera kaya: batir a gefe, samfula a kan kwali, sifika a bakin rumfa, faifan kuma a kan 'yar kujerar katako dab da gwiwarsa. Ɗiyarsa ta ɗauko tsohuwar gularsa, sandar kiɗa mai lanƙwasasshen kai, ta saka masa a hannun dama.

"Mi na na?" ya tambaya, muryar can ƙasa.

"Baba, buga nan ka ji," in ji ta.

Ya ɗaga gula da ƙyar ya sauke a kan robar. Ba abin da ya fito. Bugun ya yi rauni, faifan bai ma san an taɓa shi ba. Na ga fuskar malamar ta canza. Nan da nan na shiga saitin faifan na ƙure masa ji har ƙarshe, yadda ko yatsa ka ɗora zai amsa. Na ce ya sake.

Ya sake. Gangar ta yi gurnani guda, ta cika tsakar gidan.

Tsohon ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Ya dubi sifika, ya dubi ƙofar gida, ya daɗe yana kallon ƙofar. Sannan ya sake bugawa, ya gwada na gefe, ya koma na tsakiya. A hankali hannun ya fara tuna hanya. Gidajen da ke kusa da shi kawai yake iya kaiwa, amma da su ya haɗa wani kiɗa mai tafiyar hauya. Kafin a jima ƙofar gida ta cika. Dattawa suka tsaya cirko-cirko, ba mai shigowa, ba mai tafiya. Wani tsoho ya cire hularsa ya riƙe a hannu, na ji yana cewa, "Wallahi hannun Arzika na." Ba wanda ya yi rawa, ba wanda ya yi guɗa. Na sha kunna kiɗa a gaban jama'a, ban taɓa ganin an saurare shi da irin wannan fuska ba.

Kiran azahar ya watsa taron. Muka je masallaci muka dawo, aka taimaka wa tsohon ya yi tasa a zaune. Kayan na bar su a kunne. Rana ta take, ko ganye ba ya motsi, garin ya yi tsit kamar an kwashe mutanensa. Muna zaune a ɗaya gefen rumfar, inda aka matsar da tsohon ya yi salla, malamar tana dama mana fura, tsohon ya lumshe ido, gularsa a ƙasa. Tsakaninmu da faifan ya fi tsawon mutum.

Sai gangar ta yi magana.

Kiɗan gida na takwas ne, na farkon kaset, har da kukan kurciyar. Ya fito shi kaɗai daga farko har ƙarshe. Ludayi ya suɓuce daga hannun malamar. Baba Nomau ya buɗe ido tar, ya miƙe zaune ba tare da an tallafe shi ba, abin da aka ce ya daɗe bai yi ba.

"Wa ya taɓa?" in ji abokina.

Ba wanda ya taɓa. Na dubi malamar na ga ta kafe sifika da ido. Na tambaye ta lafiya, ta ce ina na samo wannan. Na ce a kaset yake.

"Ba kiɗan gayya ba ne," ta ce. "Kiran Baba ne. Duk ranar da za su fita, Kawu yakan tsaya a ƙofar gidan nan da sassafe ya buga shi. Cewa yake, Nomau, tashi mu tahi, rana ta yi."

Tana rufe baki kiran ya sake fitowa. Wannan karon idona na kan samfula, na ga 'yar jar fitilar da ke nuna shigowar saƙo ta ƙifta. Wato daga faifan saƙon ya zo, kamar an buga. Wata mata a bayan katanga ta ɗauki salati da ƙarfi.

Ni mutum ne mai aiki da waya da lamba, don haka na tilasta wa kaina neman dalili. Na kasa kunne, sai na ji daka daga gidan maƙwabta, dum, dum, ana jin ta har a ƙasan da muke zaune. Na tuna na ƙure wa faifan ji, ga shi a kan kujerar katako, kujerar a kan ƙasa, gida na takwas kuma shi ne ya fi kusa da bango. Na ji wani sanyi a raina. Na yi musu bayani da sauri, har ina 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Abokina ya zagaya ya roƙi matan su dakata, suka dakata. Don in tabbatar musu, na buga ƙafata a ƙasa kusa da kujerar. Faifan ya amsa kuwa, amma bugun tsakiya ya fitar, ba kiran ba. Na sake bugawa da ƙarfi, bugun tsakiya dai.

Na koma na zauna. Ba daka, ba inji, ba iska. Muna jin numfashin juna.

Kiran ya sake fitowa.

Malamar ta fashe da kuka tana cewa in kashe, in kashe. Na zabura zan fizge wayar midi, sai tsohon ya daka mini tsawa da muryar da ban zaci tana jikinsa ba.

"Bar shi! Ba da kai shika ba."

Na tsaya da hannu a miƙe. Ya ce wa ɗiyarsa ta ɗauko masa kazaginsa. Ta shiga ɗaki tana share hawaye, ta fito da 'yar ganga da ƙura ta rufe, ta durƙusa ta riƙe masa ita a kan gwiwa. Ya lalubi gula. Fatar ta saki, amon ya dushe, amma ya buga wani ɗan gajeren kiɗa, ya tsaya, ya maimaita shi, idonsa a kan ƙofar gida. Sannan ya ajiye gula ya yi magana kamar mai yi da wanda ke tsaye a zaure.

"Na jiya, Arzika. Yi gaba, ina nan tahe. Amma ba yau ba, ɗiyata ta zaka."

Muka jira. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Jar fitilar ba ta sake ƙiftawa ba. Can wani zakara ya yi cara, matan maƙwabta suka koma dakarsu, dum, dum, faifan kuwa ko gezau.

Tsohon ya jingina da bango ya sauke numfashi. Ya dubi ƙwaryar fura, ya ce a miƙo masa. Ya sha sosai, ya kuma tambaya ko kifin nan na ɗazu yana nan. Malamar tana ɓare masa ƙaya tana dariya tana kuka a haɗe. Ya ci yana ba mu labarin yadda Arzika ke da gaggawa tun suna yara, kullum shi ne a ƙofa, kullum Nomau ne ke neman takalmi.

Niyyata tun daga gida ita ce in bar masa kayan na ɗan lokaci, in koya wa wani a gidan yadda ake kunnawa. Da na faɗa masa sai ya girgiza kai.

"A'a, ɗana. Allah shi yi maka albarka, ka maido min abin da ni ɓatar. Amma tahi da abinka. Yau na samu abin da ni ce mai. In ya sake kira ina ni ɗai, ban san mi za ni ce ba."

Ban yi musu ba. Na kashe samfula, na zare waya, na naɗe. Malamar ta ce za ta ƙara kwana biyu wurin mahaifinta, don haka mu biyu muka juyo, muna sauri kada la'asar ta riske mu a wannan yankin. Abokina, wanda ba ya tuƙi sai da waƙa, bai kunna rediyo ba. Mun shigo Sakkwato ana shirin magariba, hayaniyar 'yan kabu-kabu da hon ɗin motoci suka yi mini daɗin da ba su taɓa yi ba.

Da na huta na kwance bayan faifan na duba. Na tarar ɗan abin da ke jin bugu a ƙarƙashin gida na takwas ya ɗan ɓamɓaro, wataƙila zafi da gargadar hanya ne suka sa. Abu irin wannan yana iya aika saƙo ba a taɓa shi ba, duk wanda ya san aikin zai gaya muku haka. Na yarda da wannan bayani, shi nake bai wa duk wanda ya tambaya. Abin da kawai zan ƙara shi ne, kafin in gyara na bar shi a kunne wuni guda a situdiyo, da saitinsa na Rimawa, ina ta kai da kawo a kusa da shi, bai yi ko tari ba.

Tafiyar nan ta koya mini cewa sautin da muke yanka muna liƙawa ba kayan ado ba ne kawai. Wani kiɗan magana ce, da mai ita da wanda ake yi wa ita, kuma kafin ka ɗora shi a kan maɓalli ya kamata ka tambayi mutanensa abin da yake faɗa. Malamar ta kira ni bayan ta dawo, ta ce tsohon yana ci yana hira, har ya aika a nemo mai ɗaure masa sabuwar fata a kazagi. Kaset ɗin ta mayar wa Inna Kulu. Bugun Arzika guda bakwai suna nan ina jin su lokaci-lokaci. Kiran kuwa ban goge shi ba, hannuna ya ƙi, amma ban sake ɗora shi a kan kowane gida ba. Ba sunana yake kira ba, na sani. Duk da haka, in zan rufe situdiyo da yamma, sai na zare wayar midi na rataye ta a ƙusa kafin in kashe fitila.